Ɗinkin Fiffiken Shamuwa

Ba na iya zama a rumfar tela. Mutane suna cewa rowa ce, wai ba na son a auna ni a ga yadi nawa tumbina zai ci. Ba haka ba ne. Ƙarar almakashi ce. In tela ya kama sabuwar shadda mai tauri ya sa mata almakashi, ta yi ƙaras, ƙaras, sai in ji tsikar jikina ta tashi, tabarma ta ƙi ni, in miƙe in ce ina zuwa. Shekaranjiya ma haka aka yi a bakin kasuwa, har na baro hulata a can. Da irin wagga ƙara na yanke wa shamuwa fiffike ina yaro. Tunda na fara faɗi, bari in ƙarasa maka, ko na samu in zauna wuri ɗaya.

Ƙauyenmu yana tsakanin Dakoro da Birnin Lalle, tafiyar hantsi bisa jaki. A tsakar gidanmu akwai wani tsohon gawo. Ka san halin gawo, da damana yake zubar da ganye lokacin da kowane icce ke yin sabo, sai ya tsaya tsirara da sheƙar shamuwa bakwai ko takwas bisa kansa kamar an ɗora masa tsofaffin kwanduna. Da zafi ya kai inda ya kai, wata safiya sai ka ɗaga kai ka gan su sun iso, baƙin baya, farin ciki, suna tsaye kamar ba su taɓa tafiya ba. Ranar babana yake ciro iri daga rumbu ya duba.

Shamuwa baƙuwa ce, ba a taɓa ta. Ba a jifarta, ba a hawa a leƙa ƙwanta, ko kashinta ya faɗo maka cikin tuwo sai dai ka kwashe wurin ka ci gaba da ci. Tsofaffi suna cewa gidan da shamuwa ta mutu ta hannun mutanensa, sauran ba su sake yin sheƙa a ciki. Gidan da shamuwa ta ƙaurace wa kuwa, ko ba a faɗa gaban idonka ba, ana faɗi a bakin rijiya.

Shekarar da nake ba ka labari, ina da tara ko goma, ba wanda ya rubuta. Gero ya fid da kai, ya yi bununi, yana neman ruwa biyu ko uku ya cika ido, sai sama ta ɗauke. Hadari ya haɗu gabas da la'asar, ya yi baƙi ƙirin, iska ta zo ta watsa shi, mu koma da ƙura a haƙori. Garin duk ba mai zama. Maza su tafi gona su dawo ba su yi aikin komai ba, su sake komawa. Ina raɓe bayan dattawa a gindin aduwa na ji wani ya ce ai shamuwa ta fara haɗa kaya, in ta tafi ruwa ya tafi.

Wata uku na yi a lakwal, makarantar boko, kafin ni da mushe, malaminmu, mu yarda cewa ba mu dace da juna ba, amma wannan lissafin bai fi ƙarfina ba. In ruwa bin shamuwa yake yi, to a riƙe shamuwa mana. Na yi ta mamakin yadda gari guda, da gemunansa duka, ba wanda ya taɓa hango haka sai ni.

Lokacin ɗiyan shamuwa na bana suna koyon tashi. Su faɗo daga gawo su sauka bisa danga, su yi tangaɗi, su tsaya suna kallon mutane, don ba wanda ya taɓa koya musu tsoro. Da rana tsaka, mata suna can bakin rijiya, na lulluɓe ɗaya da zanen Inna na kai ta tsohon rumbun da ke bayan gida, wanda ba komai ciki sai ɓeraye da yunwa. Na san yadda masu tattabara ke yi in sun sayo sabuwa: fiffike ɗaya ake taɓawa, don in ta yunƙura ta karkace ta faɗo. Amma su figewa suke yi. Ni kuwa na tausaya mata, na ce figa da zafi. Saboda tausayi na ɗauko almakashin da babana ke rage gashin baki da shi ran Juma'a. Dogayen nan na bakin fiffiken dama, guda takwas, na datse su daidai tsakiya. Ba jini, ba kuka. Ta dai juyo ta dube ni da ido ɗaya.

Kashegari aka yi yayyafi, wanda ko ƙura bai kwantar ba. Ka ga tafiyata a gari ranar, kamar ni na haƙa rijiyar. Kuma da yake ni mai kyauta ne da abin da ba nawa ba, na ba kakata gashi ɗaya ta yi susar kunne. Ta zage shi ta bar ɗan tukku a kai, ta sa a kunne tana murzawa, ido a lumshe, ta ce tunda take ba ta taɓa samun mai daɗinsa ba. Ɗaya na soka a hular kara, akuya ta cinye hular da gashin. Ɗaya iska ta ɗauke. Biyar na cusa cikin danga.

Kwana huɗu ina kamo fara ina zuba mata ta ƙarƙashin jinka. Ruwa bai dawo ba. Rana ta biyar babana ya ɗaga jinkar rumbu zai share don sabon gero, sai ga doguwar ƙafa da dogon baki suna kallonsa. Bai tambayi kowa ba. Gidan nan in abu ya lalace an san ƙofar da ake bugawa.

Ya riƙe ni da hannu ɗaya, tsumagiya a ɗayan, sai aka yi sallama. Kakana ne na wajen uwa, baduku, wanda gidansa ke can ƙarshen gari. Inna ce ta aika a kira shi, ta san babana ba ya ɗaga murya gaban surukinsa, balle hannu. Babana ya sauke tsumagiya ya durƙusa yana gaisuwa, kunnena har lokacin yana hannunsa.

Tsohon ya ce, "Bar shi tukuna. Duka ba ya tsirar da gashi. In ta tashi ka dake shi don murna, in ba ta tashi ba ka dake shi don baƙin ciki. Tsumagiyarka ba ta asara."

Ya sa aka fito da ita. Ya zauna ya matse ta tsakanin gwiwoyinsa, ya rufe mata kai da hularsa ta yi tsit, ya buɗe fiffiken kamar mai buɗe fata zai duba aibi. Ya daɗe yana kallo. Sannan ya ce, "Kai, angon tsohuwa, wa ya koya maka aski?" Haka yake kirana, don kakata tana ce mini angonta, shi kuma yana cewa na ƙwace masa mata.

Nan ya faɗi girman ɓarnar da na yi. Ya ce da figewa na yi, jiki zai ji an cire masa abu, ya turo sabo. Amma gashin da ya gama girma ba rai gare shi ba, kamar ƙumba yake, in an datse shi jiki bai san an datse ba. Guntun zai zauna nan har lokacin zubarsa ya yi, wata da watanni. Ko yanzu a fige guntayen, sabo ba ya kai tsawon tashi sai an wuce kwana arba'in, su kuwa 'yan'uwanta ba su da kwana goma a ƙasar nan. In suka tafi suka bar ta, fara za ta ƙare, sanyi ya shigo, ta mutu a gidanmu.

Babana ya ɗaga kai ya dubi gawo. Na fi son ya dake ni.

Kakana da ƙuruciya ya bi ayari arewa yana gyaran sirdi da salka, can ya ga wasu Larabawa masu farauta da shaho suna ɗinke gashin da ya karye. Bai taɓa yi da hannunsa ba, gani kawai ya yi. Ya ce in kawo abin da na yanke. Na zaro biyar daga danga. Ya tambayi ukun, na faɗi gaskiya don ba ni da lokacin shirya ƙarya. Da kakata ta ji abin da ta sa a kunne, ta ɗora hannu a ka tana salati, ta kwana uku tana sa a kira ta daga nesa don ta gwada ko ta kurumce.

Saura uku ke nan, kuma sai na nemo. Ni a ganina gashi gashi ne. Kafin azahar na cika ƙwarya daga akurkin kaji da gindin gawo na kawo masa ina haki. Ya sa yatsa yana tonawa kamar mai tsince tsakuwa a wake. Ya ɗauko wani mai laushi kamar kaɗa, wato auduga, ya hura, ya tashi sama yana lilo. Ya ce wannan na ɗumi ne, can ciki yake manne da fata, bargon tsuntsu ke nan. Ya ɗauko wani gajere mai lanƙwasa, gindinsa laushi, bakinsa santsi, ya ce na rufi ne, shi ke hawa kan ɗan'uwansa kamar jinka ruwa ya zame. Ya ɗauko dogo miƙaƙƙe, na ce yauwa. Ya ce na bindi ne, wato wutsiya, dubi karansa a tsakiya yake, gefe da gefe daidai, da shi ake juyawa da tsayawa, ba da shi ake tashi ba. Ya kife ƙwaryar.

Sannan ya ɗauki ɗaya daga cikin biyar ɗin ya sa mini a hannu. Ya ce in duba karan, ba a tsakiya yake ba. Gefe ɗaya siriri ne mai tauri, shi ke fuskantar iska ya yanka ta. Ɗayan mai faɗi ne, shi ke kwanciya bisa iska. Ya sa na kaɗa shi ta baki, ya wuce shuu ba nauyi. Ya sa na kaɗa ta faɗi, na ji iska ta riƙe mini hannu. Ya yaga faɗin da yatsa ya tsage, na ce wayyo saura huɗu. Ya yi dariya, ya shafa daga gindi zuwa baki sau biyu, tsagar ta haɗe kamar ba a taɓa ba. Ya ce kowane sili yana da ƙananan ƙugiyoyi da ido ba ya gani, suna kama na kusa da su kamar ƙarangiya a wando. Abin da tsuntsu ke yi ke nan in ka gan shi yana bin jikinsa da baki, ba ƙaiƙayi ba ne, ɗinki yake.

Kwana uku ban san inda ƙafata take ba. Shamuwa sun fara taruwa a bakin tabkin yamma da gari, ba na garinmu kaɗai ba, har da baƙi daga arewa, suna tsaye cikin ciyawa, ɗaya ta buɗe fiffike ta rufe, wata ta taka uku ta dawo. Da hantsi su tashi su yi ta kewaya sama, su yi sama, su yi sama, sai ka ga wani yanki ya ɓalle ya yi kudu bai dawo ba. Kullum da safe ina ƙirga sheƙar da ke da mai ita a gawonmu. Bakwai. Biyar. Ita kuwa tawa an ɗaure mata ƙafa a gindin rumbu, in inuwarsu ta gifta sai ta yi tsalle ta buga fiffike, ta karkace ta faɗi ta ɓarin dama, ta tashi ta sake. Ƙasar wurin duk ta share ta da ƙirji.

Na kawo gashin agwagwa, ya ce gajere ne. Na kawo wani mai taushi da na tsinta a tsohuwar rijiya, bakinsa kamar an taje, in ka kaɗa ba ya ƙara ko kaɗan. Kafin tsohon ya gama cewa na mujiya ne, kakata ta ɗauke shi da itace biyu ta kai bayan gari. Ran kasuwar Dakoro na bi jakin maƙwabta, na ga wani saurayin Bororo da gashin jimina a malafarsa, dogo, baƙi, yana rawa a iska. Na ce wannan ai ya isa uku. Yana cikin duba haƙoran wani bijimi na zare shi. Ban san mutum mai dogayen ƙafafu haka yana da gudu ba. Na sha sanda biyu a gadon baya, amma na iso gida da gashin cikin riga.

Kakana ya ɗaga shi ya dubi rana ta cikinsa. Ya ce, "Shafa shi ya haɗe in gani." Na shafa, na shafa, kowane sili yana harkarsa. Ya ce babu ƙugiya, iska wucewa take ta ciki, shi ya sa jimina duk girmanta a ƙasa take. "Na yanga ne. Kai da shi kun dace."

A bakin tabki na samu na gaske, waɗanda manyan shamuwa suka zubar. Na tsinto goma sha wani abu, na zo ina rawa. Ya jera su, ya ture fiye da rabi gefe, ya ce na hagu ne, lanƙwasarsu ta saɓa, in ka sa na hagu a dama siririn gefen baya zai duba. Cikin na daman ma sai da ya gwada tsawo, don kowane gashi da mazauninsa, na bakin fiffike ba ya zama a gurbin na ciki. Biyu suka dace. Na ukun, mafi tsawo, ba a samu ba. Sheƙa uku suka rage a gawo. Na koma Dakoro da ƙafa, na je mayanka inda ungulu ke taruwa, na yi rarrafe cikin wari na tsinto na dama guda. Ya fi na shamuwa faɗi, kuma launinsa kamar tsohuwar fata. Tsohon ya rage shi da wuƙar dukanci, ya ce ba kyau za ta je nema ba.

Sai ya aika a ce wa Inna ta kawo allurarta. Tana da guda goma cikin 'yar batta, wani falke ya kawo mata, ba ta ba da aro ko ga uwarta. Ya zaɓi takwas. Ya karya kunnen kowace, ya goga ta da magagari har ta yi kaifi baki biyu, ya jefa cikin ruwan gishirin balma. Ya gyara bakin guntun da ke jikin tsuntsuwar da bakin wanda za a haɗa, su zauna daf. Cikin karan akwai wani farin abu kamar totuwar kara, nan yake tura rabin allura, ɗaya rabin cikin gashin, ya matsa a hankali yana juya shi har faɗinsa ya kwanta kan na kusa. Ni ke riƙe da ƙafafu, tana ta yi mini kashi a hannu, ba wanda ya ce sannu. Inna tana tsaye daga nesa ta ce, "Ni ko Maradi ban taɓa zuwa ba, allurata za ta ga duniya."

Na ɗauka da an gama sai saki. Ya ce a'a. Gishirin ne zai sa ƙarfen ya yi tsatsa a ciki, tsatsar ta kama karan, sai an ba ta kwana biyu. Aka naɗe fiffiken da tsumma. Kashegari gawo ya wayi gari ba kowa, sai kwanduna. Na ruga gidansa na ce sun tafi, a sake ta yanzu. Yana ɗinkin kube bai ɗago ba, ya ce tsatsa ba ta san sauri ba. Ranar na je tabki ya fi sau goma. Saura wani ɗan garke, ba su kai talatin ba, kuma ba su kiwo, sama kawai suke duba.

Rana ta biyu muka ɗauke ta cikin zane, hular kakana rufe da kanta, ni da shi da babana a baya, tsumagiya a hammata. Garken yana nan. Na ce a sake ta, tsohon ya ce a jira ƙasa ta yi zafi, shamuwa ba da ƙarfi take hawa ba, iskar da ke tashi daga ƙasa mai zafi take hawa. Muka tsuguna. Ƙudaje, zufa. Da hantsi ya ɗaga, ta farko ta tashi, sauran suka bi. Ya kwance tsumman, ya shafa gashin takwas ɗaya bayan ɗaya daga gindi zuwa baki, ya cire mata hula.

Ta tsaya. Ta girgiza jiki. Ta bi fiffiken da baki, ta tsaya kan na ungulun ta ja shi, na rufe ido. Da na buɗe tana gudu, taku uku, huɗu, ta buga, ta yi sama kamar tsayin mutum ta dawo ƙasa. Ta sake. A na ukun ƙafafun suka bar ciyawa ba su dawo ba. Tana ɗan karkata dama, kamar jakin da aka yi wa lodi ba daidai ba, amma tana hawa. Ta shiga ƙarƙashin masu kewayawa, ita ce ta can ƙasa, zagaye ɗaya, biyu, har na kasa rabe ta da sauran.

Babana ya cika maganar surukinsa a nan bakin tabki. Duka ne na murna, amma bayana bai ga bambanci ba.

Geron shekarar rabi ya yi. Da zafi ya dawo na fi kowa ɗaga kai, har wuyana ya ƙage, sai wata safiya ga su bisa gawo. Na bi su ɗaya-ɗaya ina neman mai gashin ungulu. Kakana ya ce in daina wahal da ido. In ta kai inda za ta, ta zubar da su ɗaya bayan ɗaya ta yi nata sababbi, aikinsa dama ya kai ta can ne kawai. Ko tana cikinsu, ko ta faɗi a wani daji kwana biyu da tashi, ba mai faɗa mini.

Ɗiyata da ke koyarwa a lakwal ta nuna mini a salula wai masu bincike sun tono wasu dabbobin da, masu kama da manyan ƙadangaru, da shaidar gashi kwance a jikin dutse. Wai gashi ya riga tashi zuwa duniya, sili-sili ya fara, don ɗumi da ado, ƙugiya da fiffike daga baya suka zo. Na ce Allah ne masani. Amma ɗan tsako ma da na ɗumi yake fasa ƙwai, na tashi sai ya sha wuya tukuna.

Gawon nan an sare shi tun ina bin kamiyo, babbar motar kaya, tsakanin Maradi da Najeriya, ban ma ji labari ba sai da na dawo. Ungulu kuwa yau ka kwana bakwai a mayankar Dakoro ba ka ga ɗaya ba, yaron da ya yi irin ɓarnata sai dai ya yi kuka. Yanzu a gari nake zaune. Bana shamuwa huɗu suka zo unguwarmu, suka yi sheƙa can bisa dogon ƙarfen salula inda ba mai kai musu hannu, kuma ba wanda ya ciro iri don ya gan su, rediyo ake jira ta faɗi. Ran da suka tashi ba wanda ya lura. Ni kaɗai na tsaya tsakiyar hanya da hantsi, baki buɗe, ina bin su da ido suna hawa, har wani mai kabu-kabu ya taka birki daf da ƙafata.

Ya ce, "Haba Baba! Me ka yar a sama?"

Na ce, "Allurar uwata, guda takwas."